Darasi na 21: Dorugu, Yaron Dambanas

Baƙo a aji

Ranar Litinin da safe aka kawo wani sabon yaro aji huɗu, a wata makarantar unguwar Wiliyamsbil da ke cikin Ajame. Kawunsa ne ya riƙo hannunsa har bakin ƙofa. Kawun nan yana da rumfar garba kusa da tashar manyan motoci. Yaron kuwa kwanansa takwas ke nan a Abijan. Daga ƙasar Nijar ya zo. Ya sha zaman mota, ya bi ta Maraɗi da Yamai da Wagadugu da Buwake kafin ya iso bakin teku.

Malam ya tambaye shi sunansa da Faransanci. Yaro ya sunkuyar da kai, bai ce kome ba. Malam ya sake tambaya. Shiru. Sai aka fara ƴar dariya daga baya. Wani ya ce ƙasa-ƙasa: "Ɗan ƙauye ne, Hausa kaɗai ya iya."

Malam ya ji, amma bai waiwaya ba. Ya dubi baƙon, ya ce masa da Hausa: "Samari, daga wane gari kake?"

"Daga Kance, Malam."

"Kance ta ƙasar Damagaram?"

"I, Malam."

Malam ya ajiye alli. Ya ɗauko taswirar Afirka ya rataye jikin allo. Ya ce: "Yau lissafi zai jira mu. Kusa da garin wannan baƙo namu aka haifi wani yaro wanda shi ma Hausa kaɗai ya iya. Ku buɗe kunnuwanku."

Ga labarin da Malam ya ba su.

Hari

Wajen shekara ta 1840 aka haifi Dorugu a wani ƙauye mai suna Dambanas, kusa da Kance. Ubansa makaɗi ne, yana kuma noma. Ƙasarsu ƙasar rairayi ce, ta gero da wake. Yaran karkara a can aikinsu kiwon awaki, da ɗebo itace, da korar tsuntsaye daga gona in gero ya nuna.

A wancan zamani Damagaram tana ƙarƙashin Shehun Barno, wanda ke zaune a birnin Kukawa. Sarkin Damagaram yakan aika wa Shehu gaisuwa, kuma cikin gaisuwar akwai bayi. Bawa a lokacin kamar kuɗi yake. Da shi ake sayen doki, da shi ake sayen bindiga da tufafi, da shi ake biyan bashi. In sarki ya bukaci bayi sai ya tura dakarunsa su kai hari ƙauyuka. Abin takaici shi ne, sau da yawa mai kamun da wanda aka kama harshensu ɗaya ne.

Mahara sukan zo ne da asuba, mutane ba su gama farkawa ba. Sai dai a ji sukuwar dawaki da ihu. Su kewaye ƙauye, su sa wa dannin gidaje wuta. Mai ƙarfin gudu ya shiga daji. Wanda aka cim ma a sa masa igiya. Mata da yara aka fi kamawa, don su ne ba sa iya tsere wa doki. Wani Bature mai suna James Richardson ya sauka a birnin Damagaram a farkon shekara ta 1851. Ya ga da idonsa ana shigowa da kamammun mutane gari bayan wani hari, har da ƙananan yara, ya kuma rubuta abin da ya gani.

Dorugu yana da shekara 11 ko 12 irin wannan masifa ta auka masa. Dakarun Sarkin Damagaram suka kama shi, suka kai shi birni. Aka raba shi da ƴan gidansu. Jiya ɗan makaɗi ne, kowa a Dambanas ya san sunan ubansa. Yau ya zama kaya, ana tambayar kuɗinsa.

Kukawa

Daga Damagaram aka kora shi gabas, zuwa Kukawa. Tafiyar wajen wata guda ce ga ayari. Ubangiji yana bisa doki ko raƙumi, bawa yana ƙasa. Rana ta dake shi, ƙaya da ƙarangiya su cika masa ƙafa. Ruwa sai an kai rijiya, kuma shi ne na ƙarshen sha. Ba ya iya cewa ya gaji, don ya ga abin da ake yi wa wanda ya kasa.

Kukawa babban birni ne kusa da Tafkin Cadi. Kowace Litinin akan ci babbar kasuwa a bayan gari. Ana sayar da raƙuma da dawaki da hatsi da tufafi. A gefe guda kuma ana sayar da mutane. Mai saye yakan buɗe bakin yaro ya duba haƙora, ya sa shi ya yi tafiya ya gani ko gurgu ne. Fataken Larabawa suna sayen da yawa, su ƙetare hamada da su zuwa Tarabulus.

Mutanen Kukawa Barebari ne, harshensu dabam. Ku duba halin da yaron nan ya shiga. In an ba shi umurni bai gane ba, laifinsa ne. In ya yi kuka, ba mai tambayarsa dalili. Ba uwa, ba uba, ba wanda zai kira shi da sunan da aka saba kiransa a gida.

Dorugu ba shi da mashi, ba shi da ƙarfin da zai tsinka igiya. Abin da yake da shi ido ne da kunne. Yana kallo, yana saurare, yana riƙewa. Sunayen garuruwan da aka bi da shi, da mutanen da ya zauna a hannunsu, da abin da aka ci da abin da aka ce, duk ya adana su a ka. Tatsuniyoyin da ya ji a gida su ma bai bar su sun zube a hanya ba. An ƙwace masa kome, amma wannan ba wanda ya gani balle ya ƙwace.

Daga ƙarshe ya faɗa hannun wani Balarabe a Kukawa.

Nan wata yarinya ta ɗaga hannu. Ta ce: "Malam, a nan Kodibuwa ma an yi haka?"

Malam ya ce: "An yi, ƴata." Ya nuna arewacin ƙasar a taswira. Ya gaya musu cewa lokacin yaƙe-yaƙen Samori an kama mutane masu yawa a can, aka sayar da su kudu. A 1897 ne rundunar Samori ta rushe birnin Kong. A 1905 gwamnatin Faransa ta yi dokar hana bautar da mutum da sayar da shi a ƙasashen da take mulki a Afirka ta Yamma. Amma ita kanta ta ci gaba da sa mutane aikin dole a hanyoyi da gonaki, har 1946, da aka yi dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, aka soke shi.

Sa'an nan Malam ya mayar da sandarsa kan Tafkin Cadi.

Tabib

A waɗannan shekaru akwai waɗansu Jamusawa biyu a Kukawa. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su su ga ƙasa, su rubuta labarinta. Ɗaya sunansa Heinrich Barth, amma ya sa wa kansa suna Abdul Karim. Ɗayan Adolf Overweg, mutane suna ce masa Tabib, wato mai magani. Sun zo da jirgin ruwa tun daga Tarabulus, an rarraba shi gunduwa-gunduwa an ɗora wa raƙuma. Da suka iso aka harhaɗa shi, Tabib ya shiga ya zaga tsibiran Tafkin Cadi.

Dorugu ya shiga yi wa Tabib aiki tun yana bawan Balaraben nan. Tabib ya ga hankalinsa. Sai ya biya kuɗinsa, ya ƴanta shi. Haka kuma ya ƴanta wani saurayi mai suna Abbega, ɗan ƙabilar Margi.

Wani yaro ya yi caraf ya ce: "To, Malam, sai ya koma gida!"

Malam ya girgiza kai. Ya ce: "Da wace ƙafa? Yaro ƙarami shi kaɗai, tafiyar wata guda, cikin ƙasar da ake farautar mutane? Kafin ya yi kwana uku wani ya sake sa masa igiya. A wancan zamani ƴantacce ma sai ya sami inuwar da zai fake."

Inuwar kuwa ba ta daɗe ba. A watan Satumba na 1852 zazzaɓi ya kashe Tabib a wani ƙauye mai suna Maduwari, a bakin tafki. Shekararsa 30. Sai Abdul Karim ya ɗauki yaran biyu cikin ma'aikatansa.

Doguwar tafiya

A watan Nuwamba na 1852 suka tashi daga Kukawa suka nufi yamma. Bayan wata guda sai ga su a birnin Damagaram. Nan ne aka shigo da Dorugu a ɗaure. Yanzu ya shigo da ƙafarsa, ba mai ikon taɓa shi. Sun yi fiye da wata guda a garin.

Daga nan suka bi ta Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu. Suka haye kogin Kwara a Sayi. Ran 7 ga Satumba 1853 suka shiga Tumbutu. Zaman Tumbutu ya yi wuya, don akwai masu son a kashe Abdul Karim ko a kore shi. Wani babban malami, Shehu Ahmad al-Bakkayi, shi ya tsaya ya kāre baƙonsa. Watanni suka yi ta wucewa, ba su sami fita ba sai cikin 1854. Suka biyo bakin kogi ta Gawo, suka sake bi ta Sakkwato, suka sauka Kano, suka koma Kukawa a ƙarshen shekara.

A watan Mayu na 1855 suka kama hanyar arewa, ta Bilma da Murzuk. Wannan ita ce hanyar da fatake ke kora bayi zuwa Tarabulus. Matafiya da yawa sun ba da labarin ƙasusuwan mutane da suka gani warwatse kusa da rijiyoyinta. Na bayi ne waɗanda ƙishirwa da gajiya suka kashe, galibi yara da ƴan mata. Da wani mai saye dabam ne ya ɗauki Dorugu a Kukawa, da wataƙila ta nan za a kora shi a ƙasa.

Suka isa Tarabulus cikin Agusta. A nan yaron da ya tashi cikin rairayi ya ga bahar, ya shiga jirgin ruwa mai hayaƙi. Suka sauka Faransa, suka shiga jirgin ƙasa, suka ratsa ta Faris. A farkon Satumba na 1855 suka isa Landan. Dorugu bai wuce shekara 16 ba. Abdul Karim ya kai su har garinsu, Hambug, a ƙasar Jamus.

Mai faɗa da mai rubutu

A Ingila akwai wani limamin Kirista, shi ma Bajamushe, sunansa James Frederick Schön. Ana faɗin sunan kamar "Shon". Mutumin nan ya daɗe yana son harshen Hausa. Ya fara koyonsa a Saliyo, wurin Hausawan da aka kuɓutar daga jiragen masu fataucin bayi. Amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da ya ji ga Bahaushe ya zo Ingila, sai ya nemi a bar masa yaran. Abdul Karim ya so ya mayar da su gida, har ransa ya ɓaci a kan maganar. Duk da haka suka zauna gidan Schön a garin Catam. A can aka yi musu baftisma, aka ƙara wa Dorugu suna James Henry.

Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya zauna.

Aikinsu ga yadda yake. Dorugu yana faɗa, Schön yana rubutawa. Hausawa sun daɗe suna rubuta harshensu da ajami, wato da baƙaƙen Larabci. Amma rubuta shi da baƙaƙen boko sabon abu ne a lokacin. Sai Schön ya tsai da shi ya ce ya maimaita kalma, ya saurara da kyau, ya nemi baƙin da ya dace da ita. Dorugu ya kwance abin da ya ƙulle a ka tun daga Dambanas. Ya faɗi yadda aka kama shi. Ya faɗi garuruwan da ya bi ɗaya bayan ɗaya. Ya yi tatsuniyoyi. Har ya ba da labarin Turawa su kansu, yadda suke zama a teburi su ci abinci, da abubuwan da suka ba shi mamaki a ƙasarsu. Turawa da yawa sun zo ƙasar Hausa sun rubuta yadda suka gan mu. Wannan karo Bahaushe ne ya je ya dube su, ya faɗi yadda ya gan su, da harshensa. Shi ma ya koyi karatu da rubutu.

Da taimakonsa Schön ya buga littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876. A 1885 aka buga wani littafi mai suna Magana Hausa. A cikinsa akwai tarihin Dorugu kamar yadda ya faɗe shi da bakinsa. Yana cikin labaran farko da aka buga da Hausar boko. Sunan Schön ne a bangon littafin. Amma Hausar da ke cikin wannan labari ta yaron Dambanas ce.

Komawa

A 1864 Dorugu ya komo Afirka, bayan shekara tara a Turai. Ya yi aikin tafinta. Ya rayu har ya ga shekara ta 1903, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano, aka rufe kasuwar bayi ta birnin. Bauta dai ba ta mutu a rana ɗaya ba. A Nijar sai a 2003 aka yi dokar da ta tanadi ɗauri ga duk wanda ya riƙe mutum bawa.

A 1909 wani Bature mai suna Hans Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, a Kano. Dorugu ya tsufa a lokacin, amma yana cikin waɗanda suka koyar a can. Yaron da aka duba haƙoransa a kasuwa ya zama malam, yana koya wa yara baƙaƙen boko. Ya rasu a Kano a 1912.

A gaban allo

Malam ya naɗe taswira. Aji ya yi tsit.

Sai ya kira baƙon gaban allo. Ya kuma kira yaron da ya ce masa ɗan ƙauye. Wannan a Tireshbil aka haife shi, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Malam ya miƙa masa alli ya ce: "Kai ne mai rubutu. Shi zai faɗa, kai ka rubuta da Hausa, sa'an nan ka juya mana da Faransanci." Ya juya wurin baƙo ya ce: "Samari, gaya mana abin da ake yi a Kance in kaka ta yi."

Baƙo ya yi jim. Can ya ce a hankali: "In gero ya nuna sai a yanke shi. A ɗaure shi dami-dami. A ɗauka a kai rumbu."

Mai alli ya rubuta. Ya fara juyawa da Faransanci, ya kai rabi, sai ya tsaya. Ya sosa ƙeya. Ya ce: "Malam, mene ne dami? Rumbu kuma ɗaki ne?"

Malam ya ce: "Ba ni za ka tambaya ba."

Yaron ya juya wurin baƙo. Baƙo ya karɓi alli, ya zana wani abu mai kama da tulu babba, bisa duwatsu, da hular ciyawa a kansa. Ya ce ana ɗaga shi daga ƙasa ne saboda gara da damshi. Ya buɗe hannuwansa biyu ya nuna girman dami. Wata yarinya ta ce ta taɓa ganin irinsa daga tagar mota, a hanyar Korhogo. Malam ya rubuta kalmar Faransanci kusa da zanen.

"Sai me kuma?" in ji mai rubutu.

Baƙo ya ce: "Sai sussuka."

"Tsaya, tsaya. Maimaita."

Kafin a kaɗa ƙararrawa sun cika rabin allo.

Kalmomi

hari: farmakin da mahaya ke kai wa ƙauye don kwasar mutane da dukiya. Da Faransanci: razzia.

ayari: taron matafiya da dabbobinsu masu tafiya tare. Da Faransanci: caravane.

ƴanta: a fitar da mutum daga bauta. Da Faransanci: affranchir.

tafinta: mai juya magana daga wani harshe zuwa wani. Da Faransanci: interprète.

rumbu: wurin ajiyar hatsi. Da Faransanci: grenier.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Dorugu? Mece ce sana'ar ubansa?
2. Su wa suka kama shi, kuma don me sarakunan wancan zamani suke neman bayi?
3. Da Tabib ya ƴanta Dorugu, me ya hana shi komawa gida?
4. Wane abu Dorugu ya adana wanda ba a iya ƙwace masa ba? Ina ya yi amfani da shi?
5. Sunan wa ke bangon littafin Magana Hausa? Kuna ganin an yi daidai? Ku faɗi dalilinku.

Aiki

Ku zana taswira a littafinku, ku sa Kance da Damagaram da Kukawa da Tumbutu da Tarabulus. Ku ja layi ku nuna hanyar da Dorugu ya bi.

In kun koma gida, ku nemi wani babba ya gaya muku sunan garin da kakanninku suka fito, da garuruwan da suka bi kafin su iso Abijan. Ku rubuta da Hausa yadda ya faɗa, kada ku canja masa kalma.